Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Za a Tuna da Mama, Ma'aikaciyar Lab

Wasiƙar wannan fitowa daga gida ɗaya ta zo, a Kudancin Kaduna, amma hannu uku ne suka rubuta ta: babbar 'yar marigayiya, jikanta, da kuma maigidanta. Marigayiyar ta yi shekara 35 tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, wanda kowa ya fi sani da lab. Ta fara a asibitin mishan, ta ƙarasa a na gwamnati, ta kuma daɗe tana shugabancin Zumuntar Mata a ikilisiyarsu. Ta rasu bayan ta yi ritaya, an sa jana'iza nan da mako uku. Mun sakaya sunaye kamar yadda suka roƙa, mun rarraba tambayoyin, masu aikin lab da masu hidimar ikilisiya suka haɗa kai wajen amsawa. Allah ya ta'azantar da gidan.

TAMBAYA: Fasto ya ce in kawo tarihin rayuwar Mama da za a karanta a sujadar jana'iza. Sau uku ina zama, abin da nake iya rubutawa bai wuce "mace ce mai tsoron Allah, mai haƙuri, mai son jama'a" ba. Ta ina zan fara? (Babbar 'yarta)

AMSA: 'Yar'uwa, kalmomin nan gaskiya ne, sai dai an faɗe su a kan kusan kowace uwa da aka binne a garinku. Wanda bai san Mama ba zai fita daga majami'a bai san ta ba. Ajiye biro tukuna, ki buɗe akwatinta.

Ki tattaro katin baftisma, takardar aure, takardun makaranta, takardar ɗaukar aiki, na ƙarin girma da na canjin wurin aiki, lasisinta, takardar ritaya, da katin Zumunta. Kada ki manta da shafukan farko da na ƙarshe na Littafi Mai Tsarki ɗinta, domin matan wancan zamani a nan suke rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya da jikoki. Sai ki ja layi uku a takarda: shekara, abin da ya faru, da inda kika samo shi. Duk abin da layinsa na uku ya zauna babu komai, to ji aka yi, sai an tabbatar kafin ya shiga.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne shekaru. Da yawa cikin iyayenmu suna da ranar haihuwa biyu, ta katin baftisma da ta takardar rantsuwar kotu da aka yi don makaranta ko aiki. Ku zauna da Baba ku tsai da guda ɗaya da za ta hau littafin jana'iza da dutsen kabari, amma a duk takardar hukuma sai dai wadda ke cikin fayil ɗin aikinta, in ba haka ba maganar fansho ta tsaya cik. Ki kuma yi lissafin da watanni: wadda aka haifa a Nuwamban 1951 ta rasu a Maris ɗin 2025 shekararta 73, ba 74 ba. Haka sunayen wurare. Jihar Kaduna sunanta Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1976, Filato kuma tana cikin Binuwai-Filato a waɗannan shekarun. A shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓi asibitocin mishan da dama, saboda haka mai yiwuwa ki ga takardu biyu masu hatimi daban alhali ginin ɗaya ne, Mama ba ta motsa daga bencinta ba.

Bayan takardu, mutane. Uku sun isa: wadda suka tashi tare, wanda suka yi aiki tare, da wata daga cikin matan Zumunta. Kada ki ce musu "wace irin mace ce Mama", amsar da kika riga kika rubuta za su maido miki. Ki matse tambayar. Wace waƙa take fara ɗagawa idan aka ce ta jagoranci sujada? Me take yi idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar duba jini? Yara nawa ta riƙa waɗanda ba ita ta haifa ba, wa ta biya wa kuɗin makaranta? Ki ɗauki muryarsu a waya da izininsu, jikoki za su gode miki nan gaba.

Jerin da ikilisiyoyi suka saba da shi, ko ECWA ce ko COCIN ko HEKAN ko Baftis, bai bambanta sosai ba: haihuwa da iyaye, makaranta, tuba da baftisma, aiki, aure da 'ya'ya, hidima a ikilisiya, rashin lafiya da rasuwa, sai waɗanda ta bari. Kalma 600 zuwa 700 ta isa, wajen minti shida ke nan a karatun da ba gaggawa. Rabin wannan ki ba aiki da hidima, domin a nan rayuwarta ta fi tsawo. Jerin waɗanda ta bari kuwa, gajere ne amma shi ke haddasa gaba. A karanta wa Baba da wani dattijo daga danginta kafin a buga, a sa 'ya'yan riƙo, a ambaci waɗanda suka riga ta tafiya.

Game da aya, kowa Karin Magana 31 yake ɗauka, ba laifi. Amma ga uwa kuma kaka, 2 Timoti 1:5 ta fi zama daidai, inda Bulus ya tuna wa Timoti bangaskiyar da ta fara zama a zuciyar kakarsa Loyis da mahaifiyarsa. Ki kuma karanta Ayyukan Manzanni 9:36-42 don kanki kafin ki fara rubutu. Da Dokas ta rasu, gwauraye ba jerin halayenta suka karanta wa Bitrus ba, rigunan da ta ɗinka suka ɗauko suka nuna masa. In kuma kin sami ayar da Mama ta ja wa layi da hannunta, ita ce gaba da duk wadda muka zaɓa.

Mai karantawa ya zama wanda zai iya kaiwa ƙarshe, a kuma tanadi wani a gefensa. A buga masa a takarda da manyan haruffa, kada ya dogara da waya.

TAMBAYA: A unguwa "Likita" ake kiran Kaka, wani kawuna kuma ya rubuta "nas" a sanarwar rasuwa. Ni dai na san tana leƙa wani madubi. Mene ne ainihin aikinta, kuma me za mu rubuta? (Jikanta, ɗan sakandare)

AMSA: Ɗana, ka yi tambayar da manya suka tsallake. Kakarka ba likita ba ce, ba nas ba ce, kuma gyara wannan ba rage mata daraja ba ne. Ita ce wadda likita yake jiran takardarta kafin ya rubuta magani.

Aikin yana da matakai uku a Nijeriya: mataimaki, teknishan, da masanin kimiyyar gwaje-gwaje. Ka duba takardunta ka ga wanne ne nata. In ka ga AIMLT ko FIMLT a bayan sunanta, haruffan shaidar ƙwarewa ne, daga cibiyar masu aikin lab da dokar soja mai lamba 56 ta 1968 ta kafa suka fito, na biyun ya fi na farkon girma. A 2003 aka maye gurbin cibiyar da MLSCN, hukumar kula da masu aikin lab, wadda ke ba da lasisi har yau, kuma masu shigowa yanzu digirin kimiyyar gwaje-gwaje, wato BMLS, suke yi, shekara biyar da ƙarin shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti. A rubuta matakinta da haruffan yadda suke a takarda. Abokan aikinta za su zo jana'iza, su ne za su fara ganin kuskure.

Yanzu ga abin da take leƙawa. Ɗauki gwajin zazzaɓin cizon sauro, wanda babu shakka shi ta fi yi. Za ta soki yatsa, ta ɗiga jini a kan siririn gilashi wuri biyu. Ɗigo ɗaya ta baza shi da'ira mai faɗin kamar santimita ɗaya, kaurinsa daidai yadda za a iya hango rubutun jarida ta cikinsa da ƙyar. Ɗayan kuma ta ja shi da bakin wani gilashi ya yi fele-fele. Mai felen ne kaɗai ake tsoma wa metanol don ya kama. Mai kaurin ba a sa masa, domin ana so ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin jini, ƙwayar cutar ta fito fili. In metanol ya taɓa shi, ko an busar da shi da zafi mai yawa, ya lalace. Sannan rinin Giemsa: kashi 10 cikin 100 na minti goma in ana sauri, ko kashi 3 na minti 45 zuwa awa ɗaya in ana son kyan gani. Ruwan haɗin sai ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 7.2, in ya kauce launi ya rikice. Daga nan ta ɗiga mai, ta sa a ƙarƙashin madubin likita mai girmama abu sau 1,000. Kafin ta rubuta "babu", wajibi ne ta duba wuri aƙalla 100 daban-daban a kan gilashin nan. Ka lissafa wannan sau yawan yaran da ake kawowa a watan Agusta, ga ƙudaje masu lashe jinin in an bar shi a buɗe, ga ƙurar hunturu da ke kama da ƙwayar cuta a idon sabon shiga.

Na tarin tibi ya fi haɗari. Kakin majinyaci ake shafawa a gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama shi har ya fara tururi ba tare da ya tafasa ba, a bar shi minti biyar, a wanke da asid, a bi da shuɗin rini. Ƙwayar cutar takan fito ja, siririya, a kan shuɗi. Injin GeneXpert da ke ba da amsa cikin kamar awa biyu sai a ƙarshen 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, saboda haka yawancin shekarun Kaka da ido da hannu ta yi su.

Akwai kuma aikin dare, wanda iyali suka fi tunawa saboda ƙwanƙwasa ƙofa. Mace ta haihu jini ya ɓalle, ko yaro ya yi fari fat. Za ta ja jini a ɗan bututu, ta juya shi minti biyar a inji, ta auna yawan jajayen ƙwayoyi. Mace lafiyayya takan kasance tsakanin kashi 36 da 46 cikin 100. In za a yi ƙarin jini sai ta gano rukuni da ruwa uku, shuɗi na A, rawaya na B, marar launi na D mai nuna ko jinin "positive" ne ko "negative", sannan ta gwada jinin mai bayarwa da na majinyaci ta ga ko sun jitu. Kuskuren da ke kisa a nan yawanci ba na kimiyya ba ne, na rubuta suna ne a kan kwalbar da ba ita ba. In kun san Kaka da yawan maimaita tambaya da ƙin "kusan daidai", daga nan ta samo shi.

Ka kuma sani cewa ta yi aiki a zamanin da ake zuƙo jini cikin bututun gilashi da baki, safar hannu kuma ba kullum ake samu ba. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa bayan ya kashe nas-nas biyu 'yan mishan, a 1970 ya kashe Dokta Jeanette Troup a Jos bayan ta yanke a hannu tana binciken gawa. A 1986 aka ba da rahoton ƙanjamau na farko a Nijeriya. Duk wanda ya zauna a bencin lab a waɗannan shekaru ya san abin da ke iya kasancewa cikin kowace kwalba, ya kuma dawo washegari. Jimla biyu ko uku daga cikin wannan, da sunan asibitocin da ta yi aiki da shekarunsu, sun isa sakin layin aikinta. Kada a ƙirƙiri adadin rayukan da ta ceta, ba wanda ya ƙidaya.

TAMBAYA: Za mu buga littafin tsarin jana'iza. Me ya kamata mu kula da shi? (Babbar 'yarta)

AMSA: Takardar A4 ake ninkawa ta zama A5, kowace ɗaya tana ba da shafi huɗu, don haka shafukanki su zama 8, 12 ko 16. In kin kai wa mai ɗab'i shafi 13, ko ya cusa fanko ko ya matse rubutu. Sha biyu sun isa: bango, tsarin sujada, waƙoƙi, tarihi, saƙonnin iyali da na Zumunta da na abokan aiki, hotuna, godiya. Bango ya zama kati mai nauyin giram 250 zuwa 300, ciki kuma takarda mai giram 80 ta wadatar in ba hotuna masu launi da yawa. Girman harafi kada ya gaza 12, tsofaffi ne rabin masu karatu.

Abu biyu ke ɓata aikin. Na ɗaya hoto. Wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an matse shi, a waya yana da kyau, a bango sai ya dushe. A tura shi a matsayin fayil, tsohon hoton takarda kuma a yi masa sikanin a 300 dpi, ko 600 in za a ƙara girmansa. Ki nemi wanda take sanye da farar rigar aiki da wanda take cikin zanen Zumunta, su biyun sun ba da rabin labarin. Na biyu haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon harafi ke da su ba, a kwamfutar mai ɗab'i sai su koma akwati-akwati. Ki ce a fitar miki da gwaji guda a takarda, mutum biyu su karanta daban-daban, ɗaya ya bi sunaye da ranaku kawai.

Waƙoƙi a buga baitocinsu cikakku tare da lambarsu a Littafin Waƙoƙi, domin baƙi, har da maƙwabta da abokan aikinta Musulmi da za su zo ta'aziyya, ba su zo da littafi ba. Tsarin sujadar kuwa na fasto ne, a nuna masa kafin a buga. In saƙonni sun yi yawa, a kai su daren waƙoƙi, a bar uku ko huɗu a majami'a, kowanne minti biyu.

TAMBAYA: A ɗakin ajiya na tarar da kwali biyu na kayan aikinta: madubin likita, kwalabe masu ruwa kala-kala, gilasai, da manyan littattafai masu sunayen mutane da sakamakon gwaji. Yara suna so a baje su ranar jana'iza. Sannan dole ne a faɗi ciwon da ya yi ajalinta? (Maigidanta)

AMSA: Baba, sannunku da rashi. Littattafan nan kada su fito. Sunan da ke ciki na maƙwabcinku ne ko na uwar wani, kusa da shi kuma ga ciwon da bai taɓa gaya wa kowa ba. Mama ta riƙe wannan sirri shekara da shekaru tana zama benci ɗaya da masu shi a majami'a. In rajistar asibiti ce, ku mayar wa shugaban lab na asibitin hannu da hannu. In nata ne na kanta, a cire shafukan da ke da sunaye a ƙone. Littafin da ta rubuta hanyoyin haɗa rini da darussanta kuwa, wannan abin ajiyewa ne, ana iya nuna shi.

Kwalaben ku bar su a rufe, nesa da yara da wuta, kada a shinshina, kada a zuba a masai ko kusa da rijiya. Metanol yana kama wuta, in aka sha yana makantarwa har ya kashe. Ruwan Drabkin na auna ƙarfin jini yana ɗauke da gubar sayanaid. In kun ga kwalba mai rawayan gari da ya bushe, mai yiwuwa asid ɗin pikrik ne, wanda idan ya bushe murɗa murfinsa kaɗai na iya sa ya fashe, don haka ko ɗaga ta kada ku yi. Ku kira wani tsohon abokin aikinta ya zo ya duba ya kwashe. Allurai da gilasan da aka yi amfani da su a zuba su cikin jarka mai kauri a rufe a kai asibiti. Inda kwalin ya zauna a goge da ruwan bilic, kashi ɗaya na mai ƙarfin 3.5 cikin kashi shida na ruwa, bayan an kwashe kwalaben, domin bilic ba ya haɗuwa da su lafiya.

Madubin ana iya ajiye shi a tebur kusa da hotonta. Bayan haka, in zai zauna a kwali, damshin damina zai sa fumfuna ta cinye gilasansa. Gara a duba shi a ba wani ƙaramin asibitin ikilisiya da ke buƙata.

Maganar ciwo kuwa, ba dole ba ne. "Bayan gajeruwar rashin lafiya" ko "bayan doguwar jinya" ta isa. Ku ne da 'ya'ya za ku yanke, kuma abin da ita kanta ba ta so a sani ba tana da rai, a bar shi haka.

TAMBAYA: Waɗanne takardu za mu nema, kuma yaya batun fanshonta? Sunana ne ta rubuta a matsayin dangi mafi kusa. (Babbar 'yarta)

AMSA: Biyu ne na farko, kuma ba ɗaya ba ne: takardar da likita ya rubuta ta sanadin mutuwa, da takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke da ofis a ƙananan hukumomi. Ki tabbata jerin sunayen da rubutunsu sun yi daidai da na fayil ɗin aikinta da na banki. Harafi ɗaya na iya jawo rantsuwar kotu da watanni na zirga-zirga. Ki yi kwafi da yawa, asalin kuma kada ki bar shi a ofishin kowa.

Sai ki gano wane tsarin fansho take ciki. In tsohon tsari ne, na tarayya yana hannun PTAD, hukumar da ke biyan 'yan tsohon tsarin fansho, na jiha kuma yana ofishin fansho na jihar. In sabon tsari ne mai asusun ajiya, kamfanin fanshonta za ki rubuta wa. A can ma iri biyu ne. In tana karɓa wata-wata daga asusunta, abin da ya rage na magada ne. In ta sayi fanshon rai-da-rai daga kamfanin inshora, shekara goma ce aka lamunce, in ta rasu kafin su cika a biya magada ragowar, in sun wuce babu saura. Ki sanar da su da wuri a rubuce. Kuɗin da ya ci gaba da shiga bayan rasuwa ba naku ba ne, kuma cire kuɗi da katinta na ATM, ko don hidimar jana'iza ne, yana iya zama matsala.

Abin da zai ba ki mamaki: rubuta sunanki a matsayin dangi mafi kusa bai sa kin zama magajiya ba, ke ce dai wadda za a fara nema. In ta bar wasiyya, kotu za ta tabbatar da ita. In babu, sai takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha, inda akan buga sanarwa a jira, yawanci kwana 21, ko wani zai yi ƙorafi. Irin auren da suka yi da Baba, na rajista ne ko na gargajiya, yana shafar dokar da za a bi wajen rabo. Ki tafi wurin lauya da takardar auren a hannu.

TAMBAYA: Muna so mu yi wani abu da sunanta idan ta cika shekara. Wasu sun ce anko da dafa abinci, ni kuma ina ganin bai isa ba. Me kuka gani? (Babbar 'yarta)

AMSA: Sujadar godiya da ciyar da baƙi ba abin rainawa ba ne. Amma ga wadda aka sha tasa da tsakar dare neman jini, mu gangamin ba da jini muka fi gani, kuma kuɗinsa bai kai na anko ba.

Ba ku za ku ɗibi jinin ba. Ku rubuta wa Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa, tana da cibiya a Kaduna da Jos, ko ma'ajiyar jini ta babban asibiti mafi kusa, mako shida kafin ranar. Su za su zo da ma'aikata, jakunkuna da akwatin sanyi. Naku shi ne ɗaki mai iska, gadaje ko dogayen bencina, wani lungu da za a yi wa mutum tambayoyi ba mai ji, ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 da 65, nauyinsa kilo 50 ko fiye, ƙarfin jininsa kuma ya kai yadda ake buƙata idan ma'aikatan sun auna. Ana ɗibar mililita 450, cikin kamar minti goma. Mai ciki da mai shayarwa da mai zazzaɓi su dakata. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Kada a sa ranar a kan ranar azumin ikilisiya, kuma a sanar cewa kowa ya karya kumallo, domin masu faɗuwa yawanci da yunwa suka zo, kuma mutum ɗaya ya faɗi layi ya watse.

Ku tambayi ma'ajiyar jaka nawa za ta iya ɗauka kafin ku yi shela. Jini kwana 35 yake yi a jakar da aka fi amfani da ita, a sanyin digiri 2 zuwa 6, in firjinsu ba shi da tsayayyar wuta tara da yawa asara ce. In kuna da zaɓin lokaci, ku karkata wajen damina, lokacin da zazzaɓi ke shanye jinin yara. Kowace jaka za a gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, kuma sakamakon tsakanin mai jini ne da ma'aikacin lafiya. Ba fasto, ba dattijo, ba ku masu gayya ba.

In kuna so ku haɗa da gwajin jinotayip ga matasa, ku nemi lab mai lasisi da zai yi shi da injin da ke raba nau'o'in jini da lantarki. Gwajin nan mai arha da ke nuna akwai sikila ko babu ba ya bambanta AS da SS. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya jira, haka jaririn da bai kai wata shida ba, domin amsarsu na iya fita ba daidai ba. A rubuta suna a kwalba a gaban mai jinin kafin ya tashi, a ba da sakamako a rufaffiyar ambulan, a kuma sami wanda zai zauna da duk mai AS ya bayyana masa cewa in ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Matan Zumunta su riƙe rajistar masu zuwa da rabon ruwa, amma ambulan ɗin ma'aikacin lab ne kaɗai zai miƙa wa mai ita.